Kwamfutar Yaya

Ku yi haƙuri da ni, ban taɓa rubuta labari ba.

Na ɗauki kwamfutar Yaya ba da saninsa ba, don in gwada saka mata babbar manhajar Linux yadda na karanta a littafi. Na zaɓi "goge faifai" ban san abin da nake yi ba. Da ta tashi, wayam. Har aikin digirinsa na shekara uku ya tafi.

Yaya yana falo da Mama, da wayarsa a hannu kamar kullum, ina jiyo dariyarsa. Na shiga zauren taimakon 'yan koyo a intanet da sunan bogi, na faɗi abin da na aikata.

Wani mai laƙabin Likitan Faifai ya amsa nan take.

"Kwantar da hankalinki, 'yar koyo. Akwai kwafi a wani wuri?"

"Babu."

"To mai kwamfutar ya shiga uku. Ni ma ragon ne, ban ajiye kwafi ba, amma tawa ba mai taɓa ta. Buga wannan umarnin, ki turo min duk abin da ya fito."

Na tura. Sai daga baya na lura layin farko yana ɗauke da sunan da na sa wa na'urar: auta, yadda ake kirana a gida.

Dariyar falo ta ɗauke.

Saƙo ya shigo: "Auta, kwamfutar wa ke hannunki?"

Na ji Mama tana tambayarsa ko lafiya. Na kwashi takalmana a hannu, na sulale ta ƙofar baya.