Rigar Ruwan Rasmie

Tun kafin jirgin ruwan ya zagayo dutsen bakin tsibirin Skarva, Lowrie ya san abin da zai gani. Can a kan tudu, gefen farfelar iska da ke ba gidan wutar lantarki, ga rawayar rigar ruwan Rasmie, hannu ɗaya a sama. Lowrie ya ɗaga nasa, ya rage gudu.

Duk sati biyu yake kawo musu kaya, in teku ta yarda. Gidan ma kaf a bayan jirginsa ya zo, shekara shida da suka wuce: katako, kwanon rufi, farantan hasken rana, tankin tara ruwan sama, da batura masu nauyin tsiya. Mutanen gari suka ce tsufa ya taɓa Rasmie da Osla a ka, in ba haka ba wa zai koma tsibirin da ko tumaki sun gaji da shi? Su kuwa ko a jikinsu. Rasmie na buga ƙusa, Osla na riƙe da tsani tana gaya masa ya karkace, har gida ya tashi.

'Yarsu Inga, mai aikin jinya a birnin Aberdeen, sharaɗi ɗaya ta gindaya. Muddin su biyu ne, su yi zamansu. Ranar da ɗaya ya rage, da kanta za ta zo ta kai shi gidan kula da tsofaffi, ta garƙame ƙofa. Tunda waya ba ta kamawa a Skarva, Lowrie ta naɗa ɗan rahoto. Shi da Osla 'ya'yan wa da ƙanwa ne.

Ya ɗaure jirgi, ya sauke fulawa, tukunyar gas, shayi da gwangwanin tabar Rasmie. Ya zauna a kan akwati. Sai da aka ɗauki kusan minti ashirin sannan Osla ta gangaro da baro, tana haki, gashinta ya manne a goshi.

"Ɗan nema, yau ma ka makara. Ko jirgin ne ya tsufa kamar mai shi?"

"Yaya Osla, ke da kike tura baro da numfashi uku. Ina maigidan?"

"Yana tudu, shi da farfelarsa. Ka san shi, da ya gangaro ya gaishe ka gara ya kwana yana shafa mata mai."

Farfelar tana ta kuka ƙiiƙii, ana ji har bakin ruwa. Tun bazara take wannan kukan. Lowrie ya tashi ya loda mata kayan a baro. Bai kuma kalli gurbin da ƙaramin kwale-kwalen Rasmie ya saba zama ba, inda yanzu ciyawa ta tsiro. Ta riga ta gaya masa an ja shi bayan tsibiri za a shafa kwalta, kuma sau ɗaya ya isa.

"Har yanzu ba ka sayi wata anga ba?" ta ce, tana leƙa bayan jirgin, inda ƙarfen tsayar da jirgi yake. "Mutum da jirgi guda, anga ɗaya! Ta biyun fa, da sarƙarta?"

"Teku ta karɓa."

"Rowa dai ta karɓa."

Ta zaro rigar sanyi daga ƙarƙashin hammata ta miƙa masa. Saƙarta ce, igiya uku a murɗe daga kafaɗa zuwa ƙugu. Kowace mace a tsibiran nan da irin zanenta, kuma duk mai jirgi ya san dalili, ko da ba a faɗa a kan ruwa.

"Na saƙa masa, ta yi masa kaɗan. Ƙiba yake yi, ci kamar gara."

Lowrie ya karɓa. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, tausayi ko haushi ko ma kunya, bai ji komai ba. Wata biyar ke nan yana haka. Yana ci, yana barci, yana tuƙi, duk kamar wani ne yake yi shi yana kallo.

"Ba ka hawa ka sha shayi?"

"Ruwa zai janye."

Ba ta matsa ba. Da can sai ta ja shi da kunne.

Da ta tura baronta ta ɓace a kwana, sai ya shiga naɗe igiyar da take a naɗe. Ya duba mai. Ya goge gilashi. Sai da agogo ya nuna minti ashirin ya tayar da inji, ya fita a hankali. Yana kaiwa dutsen, rawayar rigar ta bayyana a tudu, hannu a sama. Ya ɗaga nasa.

Can tsakiyar mashigin teku waya ta kama, ta hau ruri. Inga ce.

"Kawu Lowrie, ka gan su?"

"Uwarki tana nan, bakinta bai mutu ba."

"Baba fa?"

"Ya ɗago min hannu daga tudu, zuwa da komawa."

"To, madalla. Ka ce su riƙa shan maganinsu."

Ya ajiye wayar a kan rigar sanyin. Irin wannan saƙar ya fara gani a watan Afrilu, igiya uku a murɗe, tana yawo a kan ruwa mil huɗu daga Skarva. Ran nan ya zagayo dutsen da gawar Rasmie kwance a bayan jirgi cikin tamfol, yana ta shirya kalmomin da zai gaya wa Osla, sai ya ɗaga kai ya ga rawayar rigar a kan tudu tana ɗago masa hannu. Ranar ce anga ta biyu da sarƙarta suka raka Rasmie ƙasan teku.