Jirin Mai Baibaya

An yi wani mai baibayar ɗaki wanda tun yana saurayi bai taɓa sanin jiri a kan jinka ba. Matarsa kuwa, ko bayan shekaru da aure, in yana aiki a unguwa takan ƙirƙiri aike don kawai ta hango shi can sama. Da ciwon kai ya matsa masa, asibiti suka ce hawan jini ne, ita ta je karɓo magani. Mai ba da maganin ya gaji, layi ya yi tsawo, ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Wannan yana sa jiri. Akwai wanda ya sha ya yanke jiki ya faɗi." Ta ɗauko maganar kamar garwashi a tafin hannu, ta juye wa mijin ita duka. Kullum da safe in ta miƙa masa ƙwaya da ruwa sai ta leƙa idonsa ta ce, "Maigida, jirin bai taso ba?" Ba a jima ba ya taso. Ƙasa ta fara juya masa in ya hau tsani.

Hankalinta ya tashi, ta koma asibiti. A ranar wata ma'aikaciya ta tarar, wadda ta ce mata, "Yawancin masu shansa ba sa jin komai. Wanda ya ɗan ji, ya zauna kaɗan, zai wuce." Ta dawo da sauri ta faɗa masa, ta maimaita, har da rantsuwa. Ya yi murmushi kawai, don maganar farko ta riga ta yi saiwa. Damina na gabatowa, aiki ba ya jira. Ya hau jinkar wani maƙwabci, jiri ya ɗebe shi, ya faɗo, ƙugu ya karye. Tana cikin jinya ta ɗauki hularsa za ta wanke, sai ƙwayoyi suka zubo daga ninkinta. Ashe ko ɗaya bai taɓa haɗiya ba. Tsoro ya hana shi sha, ƙauna ta hana shi ƙin karɓa daga hannunta. Ta durƙusa tana tsince su ɗaya bayan ɗaya, ga jinkar can ta bayan katanga, rabi a rufe, rabi a buɗe, hadari na haɗuwa. Shi ya sa Hausawa ke cewa, magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.