Akuyar da Ta Kai Ƙarar Damina

"Sharaɗi ɗaya ya rage miki," in ji malamin kwatanta adabi ga ɗalibarsa. "Ki kawo tsohuwar tatsuniya daga garuruwa biyu, ki gano tushenta, ko ki maimaita shekara."

Kakarta ta Kademi ta ba ta labarin akuyar da ta kai ƙarar damina gaban alƙali. Kakarta ta Toranke ma shi ta bayar, sai dai a nata akuyar ce ta yi nasara. Malam har da tafi, wai gadon kaka da kakanni ne.

Saura tushe. Ta haɗa tsofaffin a tabarma ɗaya.

"Don Allah, wa ya koya muku ita?"

Suka dubi juna, suka tuntsire da dariya.

"Ke mana, ja'ira! Kina 'yar mitsitsiya kika shirga mana ita, don kada a yi miki wanka."