Hannun Malama Asabe

Shekara talatin Tabawa tana sharar asibiti, ba ta san abin da ke rubuce a allon ƙofarsa ba. Da ta ji ana neman mai rubuta katin marasa lafiya, sai ta nufi Gidan Gadon Ilimi, inda malamai ke barin saninsu kafin su rasu.

Wata ma'aikaciyar gidan ta ɗora mata wata farar hula. "Inna, rufe ido. Karatun marigayiya Malama Asabe za a ba ki."

Kafin la'asar aka cire hular. Tabawa ta dubi bango, ta karanta abin da ke jiki tiryan-tiryan, hawaye na zuba.

"Ikon Allah! Ashe duk garin nan magana yake yi, ni ce ban ji ba!"

Aka miƙo mata biro. Ta rubuta sunanta tsaf, sannan ta lura cewa da hagu ta karɓa, ita da ko allura ba ta taɓa karɓa da hagu ba.

"'Yata, marigayiyar bahaguwa ce?"

"Bahaguwa ce, Inna."

Tabawa ta daɗe tana duban tafin hannun. Can ta ce, "Sannu da zuwa, Malama. Gobe da sassafe muna da aiki."