Motar Agadas

"Ƙasag ga ta mutu!" in ji Mu'awiya a fadar shayi ta garin Tama. "Kowa ya hau mulki, cikinai yaka cikawa. Mu tahi Libiya!"

Kullum haka, har abokansa suka ɗaure kaya. Ranar tafiya, motar Agadas na shirin tashi, Mu'awiya ya dafe ciki.

"Wayyo, zawo! Ku tahi, ina biyo ku jibi."

Matafiyi kan bar garkarsa, wato lambun albasa, hannun wanda ya rage. Kowa ya damƙa wa Mu'awiya tasa, har da injin ban-ruwa.

Da kakar albasa, abokinsa Bilal ya kira daga Libiya. "Yaushe za ka taho?"

"In taho ina?" in ji Mu'awiya, yana loda buhuna a babbar motar kaya. "Ai tunda kunka tahi ƙasa ta gyaru."