Cokalin Shayin Mama

Ina da shekara tara, wata Asabar da la'asar, Baba ya yanke hannun cokalin shayin Mama, ya huda shi, ya saka masa ƙugiya. Masunci ne a Yawuri kafin ya zama mai gadi a unguwar Tottenham, nan ƙasar Turawa inda muke zaune. Idanunsa sun yi jajur don gajiya, amma ya ce mu je bakin kogi.

Ya jefa cokalin yana ja a hankali, yana ƙyalli cikin ruwa kamar ƙaramin kifi. Can sai wani ƙaton kifi ya cafke. Ban taɓa jin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba.

Yana buɗe leda zai saka kifin, wani dattijon Bature ya matso, ya ce a nan hoto kawai ake ɗauka, a mayar da kifin ruwa.

Baba ya daɗe yana kallon kifin, sannan ya tsuguna ya sake shi.

"Taho mu tafi," ya ce mini. "Na manta kogin ba namu ba ne."

A gida Mama ta riga ta ɗora mai a wuta. Ta dubi ledar, ta kashe gas.

Yau ni ke dawowa daga aiki da irin idanunsa. Cokalin yana durowata, bai sake taɓa ruwa ba.