Wanda ya kashe kansa a waya

Kai da ke cewa bakinka zai fitar da kai ko daga cikin rijiya, matso ka ji abin da ya sami Sallau. Shagon buga takardu yake da shi a birni, tafiyar awa uku daga garinsu. Ya karɓi na'urar intanet daga wani kamfanin waya, irin wadda ake biya wata-wata. Da kasuwa ta ja baya ya naɗe ta cikin kwalinta ya mayar musu, suka ba shi takardar shaida, ya jefa cikin durowa ya manta. Bayan wata tara yana cikin cin waina sai ga kira. Wani mutum mai sanyin murya ya ce daga ofishin masu karɓo bashi yake, kamfanin ya miƙa musu sunansa, ana bin sa dubu ɗari da tamanin da shida. Lomar da ke bakin Sallau ta ƙi gaba ta ƙi baya. Ya rantse da abin da zai kashe shi cewa ya mayar da kayansu tun kafin azumi. Mutumin ya ce ba komai, ya kawo takardar shaidar zuwa babban ofishi a duba, in gaskiyarsa ce a soke.

To ka ji fa, gaskiya tana hannunsa, abin da ya rage kuɗin mota ne da layin yini ɗaya. Amma Sallau irin mutanen nan ne da in hanya ta miƙe sai sun nemi kwana. Ya ce shi da ya taɓa sayar wa ɗan sanda agogon da ba ya tafiya, shi za a sa a layi? Da aka sake kira ran Laraba sai ya toshe hanci, ya karyar da murya kamar tsoho mai shekara tamanin, ya ce, "Wayyo ɗan nan, ai mai wayar Allah ya yi masa cikawa jiya a hanya." Can aka yi salati, aka yi masa gaisuwa har da addu'a. Ya kashe wayar, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bari ta kwana uku a kashe don mutuwar ta nuna sosai.

Abin da bai tuna ba, ranar da ya cika takardun kamfani adireshin gidansu na gado ya rubuta. Shi kuwa mai karɓo bashin ɗan mutunci ne, ya san ba a barin mamaci da nauyin wani a kansa. Ran Alhamis ya saka farar riga ya yi sallama a ƙofar gidan, ya tarar da Baffa Haladu, ƙanen mahaifin Sallau, yana gyaran igiya a zaure. Ya durƙusa ya ce, "Baba, ya haƙuri? Ashe Sallau lokaci ya yi." Igiya ta faɗi daga hannun tsoho. Aka kira wayar Sallau, a kashe. Aka sake kira, a kashe. Aka aika shago, maƙwabta suka ce tun jiya a rufe yake, don gogan naka ya tafi ƙauyen abokinsa cin daɗi. Kafin la'asar Inna, mahaifiyarsa, ta suma sau biyu, an shimfiɗa tabarmi har bakin titi, matasa sun bazu asibitoci neman gawa. Baffa Haladu kuwa ya ce ko an ga gawa ko ba a gani ba, ɗansu ba zai kwana da bashi ba. Ya sa aka kwance bajimin san da Sallau ya shekara biyu yana turo kuɗin dusarsa, aka kai shi kara, kasuwar shanu, ran Juma'a aka sayar da shi a farashin gaggawa. Ya biya, ya dangwala yatsa a takardar cewa iyali sun amince da bashin.

Ran Asabar Sallau ya sauka daga mota da ledar lemo a hannu, yana fito, ya zo ba 'yan gida labarin yadda ya yi wa 'yan birni wayo. Ya karyo kwana ya ga jama'a. Ya ce a ransa shi ke nan Inna ta tafi. Ya yi sallama. Mai rabon goro ya ɗaga kai, ya watsar da faranti ya haura katanga. Liman ya miƙe da carbi yana ja da baya, takalmi ɗaya a ƙafa. Sallau ya tsaya tsakiyar tabarmi baki buɗe yana tambaya, "Wai wa ya rasu?" Baffa Haladu ya dube shi tun daga hula har silifa ya ce, "Kai." Inna ta fito ba mayafi, ta shafa fuskarsa, ta ja kunnensa ta ji da ɗumi, sannan ta ɗauke shi da marin da aka ji a gida na uku. Ya leƙa turke, babu bajimi, sai igiya da kashi.

Ya kunna waya, ya kira mai karɓo bashin, ya ce ga shi da ransa, takardarsa ma tana nan a durowa, a dawo masa da kuɗin sansa. Mutumin ya ce, "Malam, mu a wajenmu mai wannan layi ya rasu, magada sun biya, an rufe magana. Allah ya jiƙansa." Ya ajiye.

Shi ya sa Hausawa suka ce ramin ƙarya ƙurarre ne.